Mai Bandar Kifi da Allurar Antimata

Ina tsugune gaban ganga ina juya tarwaɗa, hayaƙi ya cika mini ido, na kai bayan hannu zan share gumin wuyana, sai na ji abu. Ƙasan kunnen hagu, gangarowa wajen ƙashin wuya, kamar an cusa ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. Na danna, bai motsa ba. Na ƙara dannawa, babu zafi. Rashin zafin nan ne ya tsorata ni, don kaluluwar da na sani tun ina yarinya ciwo take yi, ta zo da zazzaɓi, ta tafi abinta. Wannan kuwa zama ta yi shiru kamar mai jiran wani. Ina nan riƙe da wuya har layin kifin da ke ƙasa ya ƙone, Goggo Yagana ta jiyo ƙauri daga ɗaki ta ce, "Hajjo, kifi kike gasawa ko gawayi za mu fara sayarwa?"

Goggo Yagana yayar babana ce, ita ta riƙe ni, ita ta koya mini banda. Ku 'yan matan da kuke zuwa gidanmu koyo yanzu, na san abin da kuke faɗi a hanya: wai mene ne a ciki, a ɗora kifi a waya, a hura wuta, a zauna ana danna waya har ya bushe. Nima haka na ɗauka shekarar da na gama sakandare. Satin farko kifin ƙurungu ya soke ni a tafin hannu, hannun ya kumbura har ba na iya ɗaura ɗankwali, Goggo ta duba ta ce, "To, ya gaishe ki. Gobe ki riƙe shi ta bayan ƙaya."

Aikin tarwaɗa ma kaɗai ya ishi mutum makaranta. Masunta na kawo ta da sassafe daga fadamun Kirikasamma, wata tana numfashi. Za ki wanke yauƙin da toka, ba da sabulu ba, ki cire kayan ciki ba tare da kin fasa maɗaciya ba, don in ta fashe kifin ya zama na kyanwa. Ki lanƙwasa ta, jela ta shiga baki, ki soke da tsinke, ki shanya ta tsane. Sannan wuta. Wutar farko mai ƙarfi ce, ta fitar da ruwa, ta biyu kuwa ba wuta ba ce, hayaƙi ne, ɓuntun shinkafa ake barbaɗawa kan garwashi. Itacen dogon yaro ba ya shiga gangarmu, ɗaci yake sawa. Karfasa ba ta son abin da tarwaɗa ke so, bargi kuma sai an tsaga shi. Goggo ba ta duba kifi da ido, ƙwanƙwasa shi take da farce ta saurara. In ya yi sauti irin na busasshiyar ƙwarya, ya isa shiga kwali. In ya yi lugub, ko da bayansa ya yi jawur yana sheƙi, cikinsa da ruwa, kafin ya kai kudu ya yi funfuna.

Shekarar da ambaliya ta shigo mana har tsakar gida ita ce muguwar shekararmu. Kifi ya yi yawa, busasshen itace babu. Banda ba ta kamawa, ƙwaro yana shiga kwali tun kafin a ɗaure. Wasu 'yan sana'a, ba na kama suna, suka shiga yayyafa maganin ƙwari, fiya-fiya, a kan kifi don ya kai kasuwa. Mutane suka ci suka kwanta, fatake suka daina amincewa da kowa, mai yi da marar yi. A shekarar ne Goggo ta kafa dokarta. Duk kwalin da za a ɗauka daga gidanmu, mai saye ya zura hannu ya zaɓi kifin da ya ga dama, daga sama ko daga ƙasa, ita kuma ta ɓare ta ci a gabansa, ta haɗiye, ta zauna suna hira. Da wannan muka tsira da masu sayenmu. Ruwa ya janye, dokar ba ta janye ba, har ta shigo cikin gida. Ba abin da ke shiga bakin wanda ke ƙarƙashinta sai ya bi ta nata. Da aka fara kawo mini jiƙe-jiƙe saboda wuyan nan, kowanne sai ta kurɓa tukuna, wani ta yamutsa fuska ta zubar a kwata.

Ba zan ja ku da labarin asibiti ba. Daga Haɗeja aka tura mu Kano, aka yanki ɗan nama a wuyan aka auna, aka ce ciwon daji ne, amma irin wanda ke jin magani. Na yi watanni ina zuwa ana ɗaura mini ruwan magani. Gashina ya zube, ƙamshin kifin da na tashi a cikinsa ya koma sa ni amai. Ƙullutun ya yi ta raguwa har ya rage kamar ƙwayar gyaɗa, daga nan ya tsaya. Likitan ya ce abu biyu ne: ko tabo ne kawai, mataccen nama, ko kuwa ciwon ne ya lafa yana jira. Hannu ba ya bambancewa, hoton da suke da shi ma ba ya bambancewa. Akwai wani hoto da ake kira PET, shi ke nuna mai rai da matacce, amma sai mun je Legas. In tabo ne, na gama. In mai rai ne, dole a koma magani mai ƙarfi tun bai farka ba.

'Yan ƙungiyar masu kifi suka haɗa mana abin da ya sawwaƙa, Allah ya saka musu. Alhaji Sale, direban da ke kai kwalayenmu kudu, ya ce kujerar gaba tamu ce. Komai ya daidaita, sai Yaya Bukar ya shigo da wayarsa.

Yaya Bukar ɗan Goggo ne, gyaran waya yake a bakin kasuwa, kuma duk abin da ya ji sai ya bincika. Ya rubuta sunan hoton, ya karanta cewa da wani abu ake yin sa wai shi antimata. Ya rubuta antimata, sai ga bidiyo. Ya zo ya same mu muna soke kifi, ko sallamar kirki bai yi ba, ya miƙa wa Goggo wayar.

Wata murya ce da Hausa, mai kauri, a bayanta kiɗa irin na tashin hankali. Ta ce masana sun gano wani abu da yake akasin duk abin da muke gani muke taɓawa. In ya haɗu da ƙasa, ko ruwa, ko naman mutum, shi da abin da ya taɓa sai su ɓace tare, su zama wuta. Ta ce abin da bai cika cokali ba ya isa ya share gari guda. Ana faɗa ana nuna benaye suna narkewa.

"Shi za su ɗura mata a jijiya," in ji Yaya Bukar.

Goggo ta ce, "Kai dai da ka ga abu a waya shi ke nan ya zama wahayi."

"Iya, ba ni na faɗa ba. Ga shi a rubuce, har a shafin asibitoci. Hajjo, ke da kika yi kimiyya, karanta mata."

Na karanta. Gaskiya ne, ga kalmar nan. Na yi kimiyya a sakandare, na san ƙwayar zarra, na san ilektiron da ke zagaye a cikinta, na zana su a allo. Ba malamin da ya taɓa ce mana suna da wani abokin gaba da in sun gamu sai su hallaka juna. Ranar na fara jin sunan antimata, tsinke a hannuna, yauƙi har gwiwar hannu.

Kafin la'asar duk kasuwar kifi ta ji. Haka yawancin mutanen unguwarmu suka fara sanin antimata, daga wuyana. Kowa da irin tasa. Mai ƙanƙara ya ce da shi ake tuƙa kumbon sararin samaniya. Wata maƙwabciya ta ce ta ji wanda aka yi wa, in ya rasu ƙasa ba ta karɓarsa. Masu busar da kwaɗi suka ce ai gwaji ne ake yi da talaka. Alhaji Sale da kansa ya zo ƙofar gida yana sosa ƙeya.

"Hajiya, kaiwa dai zan kai ku, na yi alkawari. Dawowar ce nake tunani. Kin san hanyar nan ramuka, ga tankin mai a ƙarƙashin kujera."

Goggo ta ce, "Wato kar 'yata ta tashi da motarka."

"Ban ce ba. Na ce dai ramuka."

Ni dariya ba ta zo mini ba. Na jure allura, na jure zubar gashi, amma wannan ya fi ƙarfina. In na rufe ido sai in ga benayen nan suna narkewa, sai in ga a cikin ƙirjina ne. Na ce wa Goggo ba za ni ba. In tabo ne, alhamdu lillahi, in ciwo ne, ya kashe ni a ɗakina, gawata cikakkiya.

Goggo ta gama ɗaure kwalin da ke gabanta, ta ja igiya da haƙori. Ta ce, "Kifin da ban tabbatar da cikinsa ba ba na rufe shi a kwali in ce Allah ya kiyaye. Za mu je. Su fara yi mini. In na fashe, ki hau mota ki dawo gida."

Da wannan na yarda na shiga mota. Ba don na daina tsoro ba, don na san Goggo ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Mun isa Legas muna warin banda, mu da kayanmu. Aka ce kar in ci komai tun daga asuba sai ruwa. Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, wata likita ta zo, Bayarabiya, doguwa. Ta ji muna magana sai ta juye Hausa, irin tamu ta gabas ma, ashe a Nguru aka haife ta, babanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tana cikin tambayata nauyina, Goggo ta ja kujera ta zauna tsakaninmu, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ta ɗora damtsenta a kan tebur.

Likita ta ce, "Mama, ai ba ke ba ce marar lafiyar."

"Na sani. Ni ce mai ɗanɗanawa."

"Mai me?"

"Abin nan naku da ke tayar da gari. Ku sa mini ko rabin nata ne, mu zauna mu gani. In ban yi komai ba, ga ta nan."

Na sunkuyar da kai don kunya. Na zaci Likita za ta yi dariya ko ta kira mai gadi. Sai ta ajiye biro, ta ce a nuna mata bidiyon. Ta kalla har ƙarshe.

"Bai yi ƙarya duka ba," in ji ta. "Da za a tara cikin cokali, abin da ya faɗa zai faru. Abin da bai gaya muku ba shi ne, duk duniya ba wanda ya taɓa tara ko kusa da haka, don da ya fito yake ɓacewa. Kuma ba shi ne a cikin sirinjin ba. Sukari ne a ciki, an liƙa masa wata alama. Ciwon daji mayunwaci ne, ya fi sauran jiki zarin sukari, sai sukarin ya taru inda yake. Alamar ce ke sakin antimata, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ƙanana fiye da yadda zan iya kwatanta miki. Kowace ta fito sai ta ci karo da ilektiron na jikinta, su ɓace tare, su bar ɗan walƙiya. Na'ura walƙiyar take kamawa. 'Yarki ko ɗumi ba za ta ji ba."

Goggo ta ce, "Na ji. Sa mini."

"Ba zan iya ba, Mama. Ba a yi wa mai lafiya, doka ta hana ni. Amma tsaya in tambaye ki. Kina cin ayaba?"

"In na samu."

"Wake fa?"

"Wa ya ƙi wake?"

"Sana'ar me kike yi?"

"Hancinki bai gaya miki ba?"

Likita ta yi murmushi. "To kin riga kin ɗanɗana. Akwai wani sinadari a ayaba, da wake, da kifi, jiki ba ya rayuwa sai da shi. Wani ɗan kaso nasa, jefi-jefi, yana sakin irin ƙwayar nan. Yanzu haka da muke zaune tana fita a jikinki, tana fita a nawa. Tun ranar da aka haife ki."

Goggo ta gyara zama. "Kifina?"

"Kowane kifi. Har wanda ke cikin kogi."

"Ni dai ba na sa wa nawa komai. A tambayi kowa a Haɗeja."

"Ba ke kika sa ba, Mama. Haka Allah ya halicce shi."

Goggo ta dubi damtsenta, kamar za ta hango abin yana fita. Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ki rantse, Likita." Likita ta rantse. Sai Goggo ta warware hannun rigarta a hankali, ta ja kujerarta gefe, ta ce, "Shekara nawa ina cin abu a gaban fatake ban fashe ba. Hajjo, miƙa hannu."

Na miƙa. Allurar ba ta kai ta ruwan magani zafi ba. Aka bar ni ni kaɗai a wani ɗan ɗaki, aka ce kar in yi magana, kar in yi motsi, sukarin ya zagaya. Ina kwance ina jiran in ji wani abu ya fara, ban ji komai ba sai yunwa. Da aka tura ni cikin na'urar, wata ƙatuwar zobe mai gurnani ƙasa-ƙasa, sai hankalina ya tafi gangarmu. In muna so mu san ko wuta ta mutu, ba ma tona toka da hannu. Ɓuntu muke barbaɗawa a ko'ina, mu ja baya mu duba. Inda garwashi ke da rai a ƙasa, nan hayaƙi zai tashi. Inda ya mutu, ɓuntun zai zauna yadda aka zuba shi. Na ce a raina, ashe ɓuntu aka barbaɗa mini. Daga nan numfashina ya daidaita har aka fito da ni.

Aka ce in sha ruwa da yawa, in nisanci jarirai da masu ciki zuwa dare, shi ke nan, gobe babu sauran komai a jikina. Goggo ta ce ita ba jaririya ba ce kuma ta wuce ɗaukar ciki, ta zauna jikina tana ba ni ayaba, ita ma tana ci tana duban ɓawon.

Abin da ya biyo baya a gida kun san shi. A motar Alhaji Sale na dawo, kujerar gaba, a kan tankin man. Yaya Bukar yanzu shi ke tare mutane a rumfarsa yana musu bayanin antimata kamar shi ya gano ta. Fatake in sun zaɓi kifi Goggo ta ci, sai ta ce musu, "Da antimata a ciki, ba ƙarin kuɗi." Mata biyu daga wajen Kaugama sun zo har gida, an rubuta wa ɗan uwansu irin hoton, sun ji an ce akwai wadda aka yi wa ta dawo da ƙafarta. Na zaunar da su na faɗa musu abin da na faɗa muku. Ni kaina ban gama dawowa daidai ba. Ina cikin aiki sai in tsinci yatsuna a wuyana, kuma an hana ni tsayawa cikin hayaƙi, shi ya sa kuke gani ina daga nesa ina nuna muku da baki. Kar ku ɗauka lalaci ne.

A can Legas kuwa, sakamakon bai fito ranar da aka yi hoton ba, sai da muka kwana muka koma. Bayan azahar aka kira sunana. Goggo ta kama ni ta gwiwar hannu kamar mai kai amarya. Likita ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Ga mutum tsaye, toka-toka, ba fata ba tufafi, wai ni ce. Kan yana ci da haske jawur.

Na ce, "Ya hau kaina."

"A'a. Wannan ƙwaƙwalwa ce, kullum cikin cin sukari take. Ta kowa haka take."

Goggo ta matso da fuska. "Ashe akwai abu a ciki."

"Wannan na ƙasa kuma mafitsara ce, ta nan yake fita. Yanzu duba nan." Likita ta ɗora kan biro a gefen wuyan, ƙasan kunnen hagu. Na duba. Ban ga komai ba. Na ce mata ban ga komai ba.

"Nima ban gani ba," in ji ta. "Na duba ƙirji, na duba ciki, na duba hammata. Abin da kike taɓawa tabo ne. Ba ya ci, ba ya girma. Za ki riƙa zuwa Kano ana duba ki lokaci-lokaci, amma magani kin gama. Hajara, kin warke."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce ta faɗa wa Goggo, alhali Goggo na nan tana ji. Ta juya ta ce, "Mama, 'yarki ta warke."

Goggo ta miƙe. Ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa tamau, ta gyara mayafi, ta kama hancinta da yatsu biyu, ta rangaɗa guɗa. A cikin ɗakin nan mai sanyi, a tsakiyar Legas, irin guɗar da ake jiyowa daga tsallaken kogi. Ma'aikatan jinya suka leƙo, mai gadi ya turo ƙofa da gudu yana tambaya da Turanci ko lafiya. Likita ta ɗaga masa hannu ba ta ko juya ba.

"Bar ta," ta ce. "Ba ta gama ba."